Zafi ne ko maganin feshi? Muhawara kan mutuwar karfasa a tabkunan Damagaram

Lawali: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana cikinmu. A tabkin da muke su, kudu da Mirriya, tun shigowar watan Afirilu karfasa ke tasowa sama tana mutuwa. Ba a tashi ɗaya ba, kullum da kaɗan-kaɗan. Masu garka na bakin tabkin sun ce zafi ne, mu masunta mun ce maganin da suke fesa wa tumatir da shu, wato kabeji, ne. Maganar ta kusa kai mu gaban mai gari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun cikin ɗari suke feshin nan kuma ba mu ga mushen kifi ba. Zafin bazara kuwa kowace shekara ana yin sa, amma ba kowace shekara kifi ke mutuwa haka ba. To wanne ne?

Alhaji Issufu: Wa alaikumus salam. Lawali, ai ka amsa wa kanka. Da magani ne da tun Janairu kifin ya mutu, lokacin da muka fi feshi. Ka sa hannunka cikin ruwan nan da azahar ka ji. Ruwan ya janye, inda da yake kai wa mutum ƙirji yanzu gwiwa ce. Kada a ɗora mana laifin rana.

Lawali: Alhaji, da girmanka, amma akwai tabkin da ya fi namu ƙafewa a can gaba, ba garka ko ɗaya a bakinsa, shanu kaɗai ke sha. Karfasar ciki lafiyarta lau.

Salamatu: Barkanku da warhaka iyayena. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin halittu a jami'ar André Salifou, kuma wannan batu yana cikin abin da ya fi tsaya mini a rai. Baba Alhaji da Yaya Lawali, ina ganin kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. Maganin ƙwari ba sai ya kashe kifi nan take ba kafin ya cutar da shi. Ɗan kaɗan da ba ya kisa yana rage wa kifin iyakar zafin da zai iya jurewa. Cikin sanyi ba a ganin komai, domin ruwan yana nesa da wannan iyaka. Da bazara ta zo ruwa ya ɗumama, kifin da bai sha magani ba sai ya tsira, wanda ya sha kuwa ya faɗi.

Akwai yadda ake auna wannan. Ana sa kifi cikin ruwa a riƙa ƙara zafi a hankali, har lokacin da kifin ya kasa tsayuwa daidai, ya fara kifewa gefe ko ya juya ciki sama. Sai a rubuta digirin, a mayar da shi ruwa mai sanyi. A Ostareliya an yi haka da kifayen ruwan daɗi iri 4, aka buga sakamakon a 2007. Waɗanda aka fara ajiyewa cikin ruwa mai ɗan maganin ƙwari, endosulfan ko kulorfirifos, gwargwadon da ba ya kashe su, sun kife da wuri fiye da ƴan uwansu. Bambancin ya wuce digiri 2 a dukkan ire-iren huɗu.

Alhaji Issufu: Ɗiyata, Allah ya ƙara ilimi. Amma digiri 2 ai ba wani abu ba ne. Tsakanin hantsi da azahar ma ana samun fiye da haka. Kuma kifin Turawa kika kawo mana, ba karfasar Damagaram ba.

Salamatu: Amin Baba. Adadin na kifayensu ne, haka ne, amma hanyar da gubar ke bi a jiki ɗaya ce ga kifi ko'ina. Batun digiri 2 kuwa, ya danganta da inda aka tsaya. Karfasa ta fi jin daɗi wajen digiri 27 zuwa 32, kuma wajen 42 take mutuwa. A Afirilu da Mayu zafin iska a nan yana kai 40 ya wuce, ruwan da bai kai gwiwa ba kuma yana iya wuce 35 da rana. Ka ga tazarar da ta rage mata ƴar kaɗan ce. In aka ɗebe digiri 2 ko 3 daga ciki, an ɗebe wajen kashi ɗaya cikin uku ko fiye.

Mushe Abdu: Bari in ƙara kan abin da Salamatu ta faɗa, don ina karantar da wannan ga yara a lakkwal kuma na lura mutane ba su san irin ƙuncin da kifi ke shiga da bazara ba, ko da babu magani ko ɗigo.

Kifi ba ya da ɗumin jiki nasa na kansa kamar mu. Zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Duk lokacin da ruwa ya ƙaru da digiri 10, aikin cikin jikinsa yana kusan ninkawa, bukatarsa ta iskar oksijin ma haka. A daidai wannan lokaci kuma ruwan yana sakin iskar da ke cikinsa. Lita 1 ta ruwan daɗi a digiri 20 tana iya riƙe miligiram 9 na oksijin. A digiri 30 wajen 7 da rabi. A digiri 35 da ƙyar ta kai 7. Bukata na hawa, abin da ake bukata na sauka.

To me kifin zai yi? Sai ya ƙara saurin numfashi. Lawali, kai ka fi ni sani, ka ga yadda marfin kunnen karfasa ke buɗewa yana rufewa da sauri in ruwa ya yi ɗumi. Ruwan da yake turawa ta kan jan naman nan na ƙarƙashin kunne ya ƙaru ke nan. Ta wannan jan nama iska ke shiga jini, kuma ta nan ɗin dai guba ke shiga. Ma'ana, ruwa ɗaya mai magani ɗaya, kifi ya fi shan guba daga cikinsa a Mayu fiye da Janairu. Sannan gubar tana ƙona wannan nama mai laushi, ya kumbura, ya fitar da yauƙi mai yawa don kare kansa, yauƙin kuma ya toshe hanyar iska. Hanta ma ta duƙufa wajen narkar da gubar, wannan aiki kuma oksijin yake ci. Kamar mai ciwon ƙirji ne aka aza wa buhun hatsi da tsakar rana: mai lafiya zai kai shi gida, shi kuwa a hanya zai zube, kuma ba za ka ce buhun kaɗai ne ko ciwon kaɗai ba.

Haruna: Mushe, wannan bayani ya shige ni. Ni tarwaɗa nake kiwo cikin kwamin siminti a Garin Malam. Me ya sa tarwaɗa ba ta damuwa da zafin nan kamar karfasa?

Mushe Abdu: Domin tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman kunnenta, cikin kai, mai rassa-rassa, wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa kake ganin ta taso ta haɗiyi iska ta koma. Gaiwa ma har huhu gare ta, tana shiga laka ta yi rani a ciki. Ƙarancin iska a ruwa bai cika kashe su ba. Amma wannan bai kare su daga guba ba, kada ka yi sake.

Baba Manzo: Jikana ne ke rubuta mini, ku yi haƙuri da tsawon zance. Na tsufa cikin su, daga Gidimuni har Lasuri babu inda ban jefa birgi ba. Mutuwar kifi iri biyu na sani. Akwai ta asuba. Ka zo da sassafe ka tarar da su a saman ruwa baki buɗe suna haƙi, manya ne ke fara mutuwa, ƙanana na yawo abinsu, kwaɗi na kuka, tarwaɗa ba ruwanta. Rana na ɗagawa sai abin ya lafa. Wannan ba hannun kowa a ciki, ruwa ne ya gaji. Akwai kuma wadda ba ta da lokaci. Kifi na juyi kamar mai farfaɗiya, ya zabura ya tsaya, fiffikensa a miƙe gaba, wani bayansa ya lanƙwashe. Ƙanana ne ke fara tafiya. Ka duba bakin ruwa ka ga talibambam da ƙwarin ruwa sun mutu su ma. In ka ga tarwaɗa cikin mushen, to kada ka tsaya tambaya. Mun ga irin wannan zamanin da marasa tsoron Allah ke zuba maganin ƙwarin nan gamalin a ruwa don su kwashi kifi. Lawali, wacce ka gani?

Lawali: Baba, Allah ya ja kwana. Shi ne abin da ya rikita ni, don ba ta yi kama da ko ɗaya sosai ba. Daga azahar zuwa la'asar suka fi mutuwa. Za ka ga karfasa ta zo gefe inda ruwa ya fi ɗumi, ta kwanta a kan gefenta, ta yi ƙoƙarin miƙewa ta sake kifewa. Na ɗauki wata na buɗe kunnen, maimakon ja wur sai na ga ya yi fari-fari da yauƙi kamar koko. Tarwaɗa ba ta mutu ba. Kwaɗi suna nan amma ba kamar da ba.

Salamatu: Yaya Lawali, wannan kifewa da rana tsaka ita ce daidai alamar da ake jira a gwajin da na faɗa. Baba Manzo ya kawo iri biyu, kuma haka masana kiwon kifi ke rarrabe su. Abin da muke magana a kai shi ne na uku, wanda ke tsakaninsu: gubar ba ta kai ta kisa ita kaɗai ba, zafin ma bai kai shi kaɗai ba.

Dalilin juyin da Baba ya kwatanta kuwa, kulorfirifos da DDVP, wato piya-piya, dangi ɗaya ne. A jiki akwai wani sinadari da aikinsa shi ne kashe saƙon jijiya bayan ya isa, don tsoka ta huta. Waɗannan magunguna suna ɗaure shi. Sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa, tsoka ta yi ta karkarwa, har da tsokar numfashi da ta zuciya. Kuma irin wannan dangi ƙarfinsa kan kifi yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi.

Sani mai shago: Ni ina sayar da kayan noma, bari in faɗi nawa. Yawancin masu garka yanzu ba kulorfirifos suke saye ba. Lamda da sifametirin sun fi tafiya. Kuma na taɓa jin wani malamin gona ya ce su waɗannan sun fi ƙarfi cikin sanyi. In haka ne ai da bazara ba su da laifi.

Alhaji Issufu: Yauwa Sani. Ni ma lamda nake amfani da ita.

Salamatu: Malamin gonar ya faɗi gaskiya. Dangin lamda da sifametirin sun saɓa wa sauran, sau da yawa sun fi illa a ruwa mai sanyi. Amma Baba, kada wannan ya kwantar maka da hankali, don a duk magungunan da ke kasuwa suna cikin na kan gaba wajen kashe kifi. A gwaje-gwaje, ƙasa da giram 1 na lamda-sihalotirin cikin lita miliyan 1 ya isa ya kashe rabin wasu kifaye cikin kwana 4. Kwalbar da aka rubuta wa 2.5 EC tana da giram 25 a kowace lita. Mililita 10 kacal, abin da bai fi cikin murfi ba, yana ɗauke da rubu'in giram. Ka kwatanta da tabkin da ya ƙafe ya koma gwiwa.

Abin da ke ɗan ceton kifi a tabki na gaske shi ne wannan magani yana manne wa laka da ɓarɓashin ciyawa, ba ya daɗewa yana yawo cikin ruwa. Sai dai karfasa a lakar take kiwo, a ciki kuma namijin ke haƙa gurbin ƙwai.

Mushe Abdu: Kuma ko da ƙarfin gubar ya ragu da zafi, raunin da ta yi wa naman numfashi yana nan. Kifin da aka raunata a Maris shi ne zai shiga Afirilu.

Alhaji Issufu: To na ji. Amma ku gaya mini yadda maganin ke shiga ruwa. Ni ban taɓa fesa wa tabki ba. Damina ce ke wanke gona ta kai tabki, yanzu kuwa ko girgije babu.

Lawali: Alhaji, ba kai ba. Amma ka zo da yamma ka ga abin da ƴan ƙwadago ke yi. Mutum ya gama feshi, ya sauke famfon daga bayansa, ya shiga ruwa har idon sawu, ya cika shi ya girgiza ya tuttular a wurin. Ka ga ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, yana bazuwa. Can kuma a wurin suke haɗa maganin tun farko, don nan ruwa yake kusa. Kwalaben da suka ƙare suna nan cikin kacalla, ko jiya na tsamo wata a taruna. Ga kuma ruwan da injin ban ruwa ke turawa cikin fangali, rarar tana gangarowa ta koma inda ta fito.

Haruna: Wannan gaskiya ne, ba a can kaɗai ba. Duk inda garka ke bakin ruwa haka ake yi.

Alhaji Issufu: Wankin famfo a bakin ruwa ba zan kare shi ba, ɓarna ce. Amma ina so ku masu karatu ku san halin da muke ciki kafin ku yanke mana hukunci. Tun da tsutsar nan mai shiga cikin ganyen tumatir ta shigo ƙasar nan, wanda bai yi feshi ba ba ya ɗiban komai. Ka ci bashin iri, ka ci bashin mai, ka biya ƴan ƙwadago, sannan cikin sati guda gona ta ƙone kamar an sa mata wuta. Maganin da da sau ɗaya ya isa, yanzu sai ka maimaita ka ƙara murfi. Mutum nawa ke ci daga garkunan nan, daga Mirriya har Matamai da Magarya? Ba don mugunta muke yi ba.

Mushe Abdu: Alhaji, ba wanda ya ce mugunta ce, kuma ni ina cin tumatirin nan. Amma maimaitawar da ka ambata ita kanta alama ce cewa tsutsar ta saba da maganin. In ana bugun ta da dangi ɗaya kullum, waɗanda suka jure ne ke hayayyafa. Ƙara murfi ba ya kashe ta, kuɗinka yake ci, rarar kuma ta tafi ruwa. Kuma ita tana cikin ganye a ɓoye, maganin da ke zama a bayan ganye bai cika isa gare ta ba. Nan ne ya kamata a nemi malaman gona da ma'aikatar kare tsirrai, su faɗi wanda ya dace da yadda ake sauya dangi. RECA, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta Nijar, ita ma tana fitar da bayanai kan magungunan da ke yawo a kasuwanninmu.

Sani mai shago: Tunda an zo nan, akwai abin da ya kamata a sani. Maganin da doka ta yarda a sayar a Nijar shi ne wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, ya amince da shi, kuma lambar amincewar tana jikin kwalba. Amma kowa ya san da yawan abin da ake kasawa a kasuwannin ƙauye ta kan iyaka yake shigowa, ba lamba, wani ma an ɗura shi a wata kwalba daban. Mai saye yana duba araha ne.

Salamatu: Haka ne. Endosulfan ɗin da na ambata, ƙasashen CILSS sun hana shi tun 2007, aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta duniya kan hana gubobi masu daɗewa a muhalli a 2011. Lindan, wanda shi ne cikin gamalin da Baba Manzo ya tuna, an sa shi a 2009. Kulorfirifos kuma Tarayyar Turai ta daina yarda da shi a 2020. Wani abu kuma, Malam Sani, da za ka riƙa nuna wa masu saye: launin da ke ƙasan takardar kwalba, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, haɗarinsa ga mutum yake nunawa. Na kifi daban ne, ɗan hoto ne na mataccen kifi kusa da busasshen icce. Ana iya samun kwalbar da launinta bai tayar da hankali ba amma tana ɗauke da wannan hoto.

Inna Rabi: Ni duk wannan lissafi ya fi ƙarfina. Tambayata ɗaya ce. Ina banda ina kai wa Kasuwar Dole. Da bazara yara kan kawo mini kifi da araha, in na tambaya su ce tsinta suka yi a bakin ruwa, zafi ya kashe. Ni dai na san mushen ruwa halal ne. Yanzu da na ji wannan zance gabana ya faɗi. In na banda shi, wuta ba ta kashe gubar?

Majo Ummaru: Inna, kada ki karɓa. Hayaƙi da wuta ba su ba da tabbacin komai a nan, kuma irin su lindan da endosulfan cikin kitse suke taruwa su daɗe. Ko babu magani ma, kifin da ya mutu ya kwanta cikin ruwa mai ɗumi yana ruɓewa da sauri ƙwarai. Ki duba kunnen, na kirki ja ne wur, idonsa a cike, naman in kin danna ya dawo. Ga kowa kuma: wanda ya yi feshi ko ya ci abin da ake zargi, sai ya ga yawu na zuba, gumi, amai, zawo, ƙwayar ido ta ƙanƙance, ƙirji ya cushe, a kai shi likita nan take tare da kwalbar in akwai. Kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a tilasta masa amai. Akwai allurar da ake yi wa wannan, amma da wuri take aiki.

Inna, tunda ke ce a kasuwar, ki taya mu faɗa wa masu yayyafa piya-piya a kan busasshen kifi don ƙwari. Wannan kai tsaye cikin tukunyar mutane yake tafiya.

Inna Rabi: Wallahi ana yi, ɗana. Ni ban yi, gishiri da sake banda nake yi, amma ana yi. Zan faɗa, ko za a ji haushina.

Malam Habu: Halaccin mushen ruwa ba ya halatta abin da zai cutar da mai ci, Hajiya. In akwai zaton guba, barin sa wajibi ne, sayar da shi ga wanda bai sani ba kuma ya fi muni.

Haruna: Wata tambaya. In aka koma ruwan dogon yaro fa? Na ga ana koya wa mata haɗa shi da sabulu da tonka.

Salamatu: Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma rana na lalata shi da wuri. Amma shi ma ba a zuba shi a ruwa, in ya yi yawa yana taɓa kifi, sabulun ma haka. Kasancewar abu daga icce ba ya nufin kifi ya tsira, Baba Manzo ya san majimfa, tsiron nan da ake kashe kifi da shi.

Baba Manzo: Na san ta sarai. Da can sarkin ruwa ba ya barin kowa ya kusanci tabki da ita, wanda aka kama kuwa sai ya biya tara a gaban jama'a. Har lokacin buɗe su da rufe shi akwai. Yanzu tabki ya zama na kowa, kuma ba mai tsawatawa.

Mushe Abdu: Akwai abin da nake so a ƙara kafin a watse, don kada a ɗauka maganin ƙwari kaɗai ne. Maganin ciyawa da wasu ke fesa wa kacalla a bakin ruwa, ko bai taɓa kifi kai tsaye ba, ciyawar da ta mutu tana ruɓewa cikin ruwa, ruɓewar kuma tana shanye oksijin. Takin zamani da ke gangarowa yana sa ruwa ya yi kore shar, da rana gansakukar na ba da iska, da dare tana sha, shi ne mutuwar asubar da Baba ya faɗa. Lokaci mafi haɗari kuma yana gaba: ruwan farko. Duk abin da ya taru a fangali da bakin gaɓa tun rani, ruwan sama na farko zai kwaso shi a tashi ɗaya ya zuba cikin tabkin da ya fi kowane lokaci ƙanƙanta da zafi. Tabkin Gidimuni yana cikin jerin Ramsar, wato jerin tabkuna da fadamu masu muhimmanci na duniya, tun 2019, na Lasuri tun 2005, amma shiga jeri ba ya tsince kwalba daga cikin kacalla. Ƙananan tabkunan da ake zuba wa ƴaƴan kifi kuwa ko wannan suna ba su da shi.

Lawali: To yanzu me za mu kai gaban mai gari? Don in muka je da "ku daina feshi" ba wanda zai saurare mu, kuma Alhaji ya faɗi dalili.

Salamatu: Kada ku je da wannan. Ku je da abin da ba ya rage wa kowa amfanin gona. A ɗebi ruwa da bokiti a haɗa magani can nesa da gaɓa. Kwalba in ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a juye ɗaurayen cikin famfo a fesa a gona, sannan a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Ruwan wankin famfo ma a gona za a fesar da shi. A bar ɗan fili mai ciyawa tsakanin fangalin ƙarshe da ruwa, a yi kunya ta tare rarar ban ruwa. Feshi da sassafe ko yamma lis, lokacin da iska ta kwanta. Ku kuma masunta akwai naku: a Afirilu da Mayu ku rage jan taru da rana tsaka, don yana tayar da laka da abin da ya kwanta cikinta, yana kuma gajiyar da kifin da ke haƙi. Inuwar bakin ruwa da wuri mai zurfi su ne mafakarsa, kada a sare itatuwan gaɓa. In kun samu ma'aunin zafi, ku riƙa auna ruwan da asuba da azahar kuna rubutawa tare da yawan mushen, ku kai wa ma'aikatan gandun daji.

Alhaji Issufu: Haɗa magani nesa da ruwa da batun kwalabe, wannan zan iya sa yarana su yi tun gobe, kuma zan ɗaga maganar a taron ƙungiyarmu ranar kasuwa. Filin da za a bari a bakin ruwa shi ne za a sha gardama, don nan ƙasa ta fi danshi, kuma masu wurin ƙananan manoma ne, wani duk gonarsa ba ta fi taku talatin ba. Wanda za a ce ya bar fangali biyu sai an san abin da za a ba shi.

Lawali: In masu garka suka yarda da wanki nesa da ruwa, mu za mu kwashe kwalaben da ke cikin kacalla kafin ruwan farko, kwale-kwale biyu gare mu. Sai dai a gaya mana inda za mu kai su, don na ji an ce ƙona su ma haɗari ne.

Majo Ummaru: Kada ku ƙona, hayaƙin guba ne, kada kuma ku binne kusa da rijiya. Ku sa safar hannu ta roba, ku tara su cikin buhu a wurin da yara da awaki ba sa kaiwa, sannan ku tambayi ma'aikatar kare tsirrai ta Mirriya yadda za a yi da su.

Sani mai shago: Safar hannu ina da ita a shago, Lawali. Ka aiko yaro ya karɓi guda huɗu, ba sai ka biya ba.